Tambayoyi da amsoshi kan gane tsofaffin sassaƙen hauren giwa na ƙasashen Asiya

Duk wanda aka miƙa wa ɗan mutum-mutumi fari mai santsi, aka ce masa hauren giwa ne daga Sin ko Japan ko Indiya kuma ya haura shekara ɗari biyu, tambaya uku ce ke gabansa, ko da yake mai sayarwa zai so ya dunƙule masa su wuri guda. Da me aka yi shi? Yaushe aka sassaƙa shi, kuma a ina? Doka ta yarda a saye shi ko a ƙetare iyaka da shi? Ta farko ido kan iya amsa ta. Ta biyu sai an haɗa ido da takarda, wani lokaci har da ɗakin gwaji. Ta uku kuwa ba ruwanta da kyan abu ko gaskiyar mai shi. Na damu da wannan batu ne saboda kalmar "tsoho" ta zama mayafin da ake lulluɓe hauren giwar da aka kashe bara da shi.

Wane irin kaya ake nufi in an ce sassaƙen haure na Asiya?

Abin da ya fi yawo a kasuwa daga wuri uku yake fitowa. A Japan akwai netsuke da okimono. Netsuke ɗan ƙaramin abu ne da bai cika wuce girman goro ko ƙwan kaza ba. Rigar kimono ba ta da aljihu, don haka namiji a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, yakan ɗaure jakar tabarsa ko ɗan akwatin maganinsa da igiya, ya zura igiyar ta ƙarƙashin ɗamara, netsuke ya tsaya a saman ɗamarar ya tokare don kada kayan su zame. Da zamanin Meiji ya shigo a 1868, maza suka fara sa kwat da wando masu aljihu, kasuwar netsuke ta ja baya a gida. Sai masassaƙa suka juya ga okimono, wato abin ado da ake girkewa a kan tebur: masunci da komarsa, manomi da kwandonsa, uwa da goyo. Turawa suka yi ta saye bayan sun gan su a manyan bajekolin duniya irin na Filadalfiya a 1876 da na Faris a 1900.

A Sin akwai aikin garin Zhangzhou na lardin Fujian a ƙarshen daular Ming, wadda ta faɗi a 1644, sai aikin fadar Beijin da na Kanton, wato Guangzhou ta yau, a zamanin daular Qing. A Indiya akwai Murshidabad da Maisur da Tarabanko da Goa, ga kuma Siri Lanka a gefe.

Duka gumakan bauta ne?

A'a. Wasu don ibadar masu su aka yi su, kamar Guanyin ta mabiya addinin Buda, ko Krishna na Hindu, ko siffar Maryamu da aka riƙa sassaƙa wa cocin Katolika. Da yawa kuwa kayan amfani ne ko na ado: maɓallin ɗamara, 'ya'yan dara, hatimi, siffar sa ko ɓera ko kabewa. Sanin abin da siffa take nufi yana taimakawa wajen gane inda ta fito, don mai yin jabu yakan haɗa kayan da ba sa haɗuwa, ya ɗora wa dattijon Sin tufafin Japan.

Ta yaya zan tabbatar cewa hauren giwa ne?

Ka juya shi ka dubi gindinsa, ko ƙoƙon kansa, ko duk inda wuƙa ta yanke hauren a gicciye. Ka samu haske mai kyau da gilashin ƙara girma mai ninki goma. In hauren giwa ne za ka ga siraran layuka masu lanƙwasa suna giftawa da juna, suna fitar da ƙananan gidaje kamar saƙar raga, ko kamar zanen da ke jikin takardar kuɗi. Ana kiran su layukan Schreger, da sunan wani likitan Jamus da ya bayyana su a 1800. Babu dabbar da ke da su sai giwa da danginta.

Layukan suna faɗar abin da ya wuce haka. Masana a ɗakin binciken laifukan namun daji na gwamnatin Amurka da ke Ashland a jihar Oregon sun auna kusurwar da layukan ke yi a kusa da bayan haure. A giwar yau kusurwar a buɗe take, yawanci ta haura digiri 115. A mamot, wato giwar nan mai gashi da ta ƙare dubban shekaru da suka wuce, a tsuke take, ƙasa da digiri 90. Abin da ya faɗa tsakani ba a yanke hukunci da shi. Kuma na kusa da baya ake aunawa, a wurare da dama a ɗauki matsakaici, don na can tsakiyar haure sukan ruɗi mutum.

Akwai ƙarin alamu. A tsawon jiki za ka ga jijiya mai kaɗawa kamar ta katako, ba ta tafiya a miƙe sak. Babban mutum-mutumi yakan ɗan karkata gefe guda, saboda masassaƙi ya bi lanƙwasar hauren don kada ya yi asara. A ƙoƙon kai ko tsakiyar gindi wani lokaci akan ga ɗan ɗigo baƙi, wanda shi ne hanyar jijiyar da ta ratsa hauren. Rashin ganin layukan a ƙaramin abu ba ya nufin jabu ne, mai yiwuwa wuƙa ba ta bi ta inda za su fito ba.

Ƙashi da roba fa, yaya ake raba su da haure?

Ƙashi ya fi sauƙi. Jini na bi ta cikinsa lokacin da dabbar ke raye, don haka akwai ƙananan ramuka a jikinsa da datti ke cikawa, su fito kamar baƙaƙen ɗigo ko gajerun zane. Haure ba shi da su. Sannan ƙashi rami gare shi a tsakiya, shi ya sa in ka ga babban mutum-mutumi an haɗa shi da faifai-faifai an manna, an toshe gindinsa da marfi, sai ka yi zaton ƙashin sa ko na raƙumi.

Roba iri biyu ce. Tsohuwar ita ce seluloid, wadda aka fara yi a Amurka wajen 1870 musamman don ta maye gurbin haure. Har layuka ake yi mata, sai dai sun cika daidaito, a jere suke kamar layin littafin makaranta, kuma ba sa giftawa a gindi. Ba ta da nauyi, in an goga ta da tsumma ta ɗumama takan yi ƙanshin kafur. Ta zamani kuwa zubi ake yi. Ka nemi siririn layin da ya rage inda ɓangare biyu na mazubin suka haɗu, da ƙananan ramukan kumfa a lungu, da bakin zane da ya dakushe maimakon ya yi kaifin wuƙa. Nauyi ba hujja ba ne, don ana zuba mata garin dutse ko garin ƙashi. In ka ga guda biyar iri ɗaya sak a shago ɗaya, magana ta ƙare, hannu ba ya maimaita kansa haka.

Fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita a banki tana da amfani. A ɗaki mai duhu haure yakan yi haske fari mai ratsin shuɗi, yawancin roba kuwa ta yi dishi-dishi. Amma ƙashi ma yana haske kamar haure, don haka fitilar ba ta raba su.

An ce a gwada da allura mai zafi. Haka ne?

Kada ka yi. In roba ce allurar za ta nutse, in seluloid ce tana iya kamawa da wuta nan take, in kuma haure ne na gaske ka bar masa tabon ƙuna da ba ya gogewa har abada. Duk abin da allura za ta gaya maka, gilashi da fitila sun riga sun faɗa ba tare da ɓarna ba.

Waɗanne haƙora ne kuma ake sassaƙawa su yi kama da na giwa?

Kama da wane ba ta wane. Haƙorin dorina fari ne tas, ya fi na giwa tauri, kuma a gicciye siraran layuka ne masu zagaye a matse da juna, ba giftawa. Hauren walras, wata dabbar teku ta yankin ƙanƙara, tsakiyarsa curi-curi take kamar dambu, kuma masassaƙan Japan sun yi amfani da shi sosai wajen okimono masu araha da ake haɗawa gunduwa-gunduwa. Akwai haƙorin babban kifin nan wel, da hauren gadu, da ƙahon barewa. A Sin har da ƙoƙon kan wani tsuntsu ɗan uwan cilakowa daga dazukan Borniyo, mai launin rawaya da ja.

Akwai ma na itace. Ƙwallon tagua na Kudancin Amurka in ya bushe yakan yi tauri da fari kamar haure. Wanda ya taɓa fasa ƙodagon goruba ya ga farin cikinsa ya san irin abin, don shi ma an daɗe ana fitar da shi daga Sudan da Eritiriya ana yin maɓallan riga. Irin wannan ba ya wuce girman ƙwai, kuma yawanci da ɗan rami a tsakiyarsa.

Mamot shi ne mai wuyar sha'ani. Har gobe ana tono haurensa daga daskararriyar ƙasar Saiberiya, kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ba ta shafe shi ba tun da dabbar ta riga ta ƙare. Bayansa kan ɗauki tabo ruwan ƙasa ko shuɗi-kore daga ma'adinan ƙasa, amma cikinsa kan fito fari sol. Masu fasa-ƙwauri sukan kira hauren giwa mamot don su wuce da shi, masu cuta kuma sukan sassaƙa mamot yau su ce aikin Edo ne.

In ya yi rawaya ya tsattsage, ba alamar tsufa ba ke nan?

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Shayi, gahawa, hayaƙi, ruwan taba, man takalmi, duk suna rina haure cikin 'yan kwanaki. Tsaga kuma ana jawo ta da zafi da sanyi, a shafa tawada a ciki ta yi baƙi.

Tsufa na gaske ba ya zuwa bai ɗaya. Haure yana yin duhu a inda haske ba ya kai masa, ya zauna da haske a inda rana ke taɓawa, don haka abin da ya shekara ɗari a kan kanta gabansa kan fi bayansa da gindinsa fari. Inda hannu ke yawan riƙewa yakan yi sheƙi mai zurfi kamar zuma, ƙananan zane su shafe, hanci da gwiwa da kafaɗa su lallashe. Rinin jabu akasin haka yake yi: launi ɗaya daga sama har ƙasa, ya taru a lungu, tudun kuwa da kaifinsa kamar jiya aka gama. Ka sansana ma, hayaƙi da man takalmi ba sa ɓuya.

Ka lura da yadda tsaga ta haɗu da zane. Tsagar tsufa tana bin tsawon haure ta ratsa zanen da ya riga ta. In ka ga alamar wuƙa ta shiga cikin tsagar, ko masassaƙi ya kauce mata, to tsohon haure ne aka yi wa sabon aiki. Haka kuma sawun kayan aiki: wuƙar hannu tana barin zane mai siffar tsini da ke sirancewa a ƙarshe, injin lantarki kuwa yana barin kwari mai zagayen ƙasa, faɗinsa ɗaya, da 'yan tsalle-tsalle inda bakin ya zame.

Sai dai kada a ce duk rini cuta ne. Masassaƙan Japan na da can sukan rina aikinsu tun daga farko da ruwan 'ya'yan wani itace da suke kira yasha, su sa tawada a gashi da ido don zane ya fito.

Me ake dubawa musamman a netsuke?

Ramukan igiya, waɗanda ake kira himotoshi. Netsuke na gaske abin sawa ne, an yi shi don ya yi aiki. A da yawa daga cikin tsofaffi rami ɗaya ya fi ɗaya girma don ƙullin igiya ya ɓuya a ciki, kuma ramukan biyu a haɗe suke ta ciki yadda igiya za ta wuce ba gardama. Bakinsu kan side ta gefen da igiyar siliki ta shekara tana goga. An kuma zaɓi wurinsu yadda in an rataya, fuskar abin za ta kalli waje. Na 'yan yawon buɗe ido ramuka biyu ne ƙanana masu girma ɗaya, an huda su da inji duk inda aka ga dama, bakinsu da kaifi.

Siffar ma a dunƙule take, ba tsinin da zai kama riga ko ya karye. In ka ga takobi ko reshe ya miƙe waje, wannan don kallo aka yi shi, ko da an huda masa ramuka.

Akwai sa hannun masassaƙi a gindinsa. Wannan bai isa ba?

Sa hannu shi ne abu mafi sauƙin ƙarawa, minti goma ya isa. Tomotada na Kyoto ya yi suna a ƙarni na 18 wajen sassaƙa sa a kwance, kuma wani littafi da aka buga a Osaka a 1781 ya riga ya ambaci cewa jabun aikinsa sun cika gari tun yana raye. To ina ga bayan shekara ɗari biyu da arba'in? Haka sunan Masanao na Kyoto, da na Kaigyokusai Masatsugu na Osaka wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1892, da na Ishikawa Komei na Tokyo wanda ya rasu a 1913, duk an ɗora su a kan aikin da ba su taɓa gani ba. Ga shi kuma da yawa daga cikin netsuke mafi kyau na ƙarni na 18 ba su da sa hannu sam.

Masana aikin suke fara dubawa, sa hannu ya zo ƙarshe. Yadda aka fitar da gashin dabba ɗaya bayan ɗaya, yadda aka dasa ƙwayar ido da ƙaho, yadda ƙafafu suka naɗe a ƙasa inda ba mai kallo. In aikin bai kai ba, babban suna ƙara tona shi yake yi. Kuma haruffan su kansu a duba: wanda bai iya rubutun ba yakan kwaikwayi siffarsa, ya ɓata tsarin da ake bi wajen jan layukan.

Na Sin fa? Wanda ke hannuna yana da tambarin sarki Qianlong.

Qianlong ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, kuma tambarinsa na jikin kaya da yawa fiye da abin da fadarsa za ta iya ɗauka. Manyan siffofin nan na sarki da sarauniya a zaune kan karaga, ko 'yan mata riƙe da fure, masu jan tambari ko baƙi a gindi, galibinsu aikin ƙarni na 20 ne. An yi su da yawa a Hong Kong, da masana'antar sassaƙa ta gwamnati da aka kafa a Beijin a 1958, da takwararta ta Guangzhou. Haure ne na gaske, aikin hannu ne, wani ma da kyau ƙwarai, amma shekarunsa sittin ko saba'in.

Aikin Ming na ainihi ba shi da hayaniya. Siffa ce doguwa da ta bi lanƙwasar haure, ninkin riga kaɗan ne masu zurfi, fuska a natse, launi ya yi duhu saboda shekaru da hayaƙin turare, da dogayen tsaga a tsaye. Kuma yawanci ba tambari. Kanton kuwa ta shahara da ƙwallon nan mai ƙwallaye a ciki, kowanne na juyawa da kansa, duk daga gunduwa ɗaya, da mahuci da akwatunan kati da 'ya'yan dara da aka yi wa Turawa. An ci gaba da yin ƙwallon har kwanan baya, don haka siffarsa kaɗai ba ta ba da shekara.

Yaya ake gane aikin Indiya da na Goa da Manila?

Sana'ar ta daɗe a Indiya. An tono wata siffar mace ta hauren Indiya a kangon Pompeii na Italiya a 1938, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an kuma tono wasu da yawa a Begram ta Afganistan a 1937 da 1939. Irin waɗannan a gidajen tarihi suke, duk wanda ya ce zai sayar maka da ɗaya ka rabu da shi.

Abin da ake samu a hannun mutane yawanci na ƙarni na 19 ne zuwa na 20. Murshidabad ta Bengal ta ƙware a giwa da rumfar sarauta a bayanta, da amalanken shanu, da jirgin ruwa mai kan ɗawisu, kuma an nuna aikin yankin a babban bajekolin Landan na 1851. A Goa, ƙarƙashin Turawan Fotugal, an yi ta sassaƙa yaro makiyayi zaune bisa tudu, ido a lumshe, ya yi tagumi, tumaki da maɓuɓɓugar ruwa a ƙarƙashinsa. Labarin na Kirista ne, zaman kuwa na Buda. A Manila masassaƙa 'yan Sin ne suka yi wa Sifaniyawa aiki, jiragen ruwa na kwasa zuwa Akapulko ta Meziko daga 1565 zuwa 1815. Ana gane su da fatar ido mai nauyi, kuma sau da yawa kai da hannuwa ne kawai na haure, jikin na katako.

Tun da aikin Asiya ne, hauren giwar Asiya ne ke nan?

Sau da yawa na Afirka ne. Giwar Asiya mace ba ta da haure na a zo a gani, na Afirka kuwa mace da namiji duka suna da shi kuma ya fi girma. Ƙarnuka da dama jiragen ruwa na ɗaukar haure daga Mozambik da Zanzibar zuwa Gujarat da Bombai, wato Mumbai ta yau, daga can wani ya wuce gabas. Dillalai sukan ce suna rabewa da ido, amma a abin da aka riga aka sassaƙa gwajin ƙwayar halitta ne kawai ke tabbatarwa.

Akwai gwajin da ke faɗar shekarunsa?

Akwai, kuma asalinsa abin mamaki ne. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da aka yi a sararin sama daga shekarun 1950 zuwa 1963 sun kusan ninka wani nau'in sinadarin kabon, mai lamba 14, a iskar duniya. Ciyawa ta shaƙa, giwa ta ci, ya zauna a haurenta. Don haka in an ɗebi ɗan gari kaɗan daga gindin abu aka auna, za a san ko hauren ya tsiro kafin wajen 1955 ko bayanta. A 2018 wata ƙungiyar fafutuka mai suna Avaaz ta sayi kayan haure fiye da ɗari a ƙasashen Turai goma, waɗanda ake sayarwa a matsayin tsofaffi ko ba tare da takarda ba, ta kai su Jami'ar Oxford. Kusan kashi uku cikin huɗu sun fito na bayan 1947, shekarar da Turai ta sa a matsayin iyakar tsohon aiki, kusan ɗaya cikin biyar kuma na bayan haramcin cinikin haure tsakanin ƙasashe na 1989.

Gwajin yana da iyaka. Lokacin da hauren ya tsiro yake faɗa, ba ya faɗar ranar da aka sassaƙa shi. Kuma tsakanin wajen 1650 da 1950 sakamakonsa kan ba da zango fiye da ɗaya, ba ya iya raba aikin 1780 da na 1920. Ya fi ƙarfi wajen tona ƙarya fiye da tabbatar da gaskiya.

To wace takarda ce ke da daraja?

Wadda ta riga cinikin yau. Ɗalibin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an bi isnadinta, wa ya ji daga wa. Haka ake bin salsalar kayan tarihi: rasidin saye mai kwanan wata, littafin gwanjo na da mai hoto da awo, takardar gado, takardar inshora ko ta kwastan, tsohon hoton iyali da abin ya fito a bayansa, lambar gidan tarihin da ya taɓa aro shi. A gwada awon da ke takarda da abin da ke hannu, tsaga da tsaga, don akan ɗauki takardar gaske a jingina wa wani abu daban. Takardar shaida mai zanen zinariya da mai shago ya buga da kansa ba ta da nauyin komai. "Kakana ne ya kawo shi daga yaƙi" labari ne, sai an ga abin da ya tsaya masa.

Me doka ta ce?

Yarjejeniyar CITES ta fara aiki a 1975, kuma tun ranar giwar Asiya na cikin jerin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ta Afirka ta shiga a taron da aka yi a Lausanne ta Suwizalan a 1989, bayan adadinta ya faɗo daga wajen miliyan 1.3 zuwa wajen dubu 600 cikin shekara goma. Daga nan kowace ƙasa da nata. Amurka ta tsaurara a 2016, abin da zai ci sunan tsoho sai ya cika shekara ɗari da hujja. Sin ta rufe kasuwarta a ƙarshen 2017, Hong Kong a ƙarshen 2021. Tarayyar Turai tana neman takardar izini ga abin da aka sassaƙa kafin 1947. Dokar Birtaniya da ta fara aiki a watan Yunin 2022 ta fi tsanani: mutum-mutumi na haure zalla ba ya sayuwa sai in an yi shi kafin 1918 kuma an tantance cewa darajarsa ta fasaha ko tarihi ta fita daban, wanda ya karya kuwa yana fuskantar tarar da ta kai fam dubu 250 ko ɗaurin shekara biyar. A Japan ana ciniki a cikin gida, amma fita da shi haramun ne.

Ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou ko Mumbai, lissafin gajere ne. Sin ta hana fitar da kayan tarihin da suka riga 1911, Indiya kuma ta hana fitar da abin da ya haura shekara ɗari tun dokarta ta 1972. In abin tsoho ne da gaske ba ya fita, in sabo ne haramtacce ne. A Najeriya ma dokar 1985 kan namun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka gyara a 2016, ta hana cinikin haure, kuma a watan Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na wanda aka kama, a Abuja.

Na gaji ɗaya a gida. Wa zan kai wa, kuma yaya zan adana shi?

Hoto kan iya tona jabu, amma ba wanda zai tabbatar maka da na gaske sai ya riƙe shi. Ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, da gindi, da sa hannu, ka aje ma'auni a gefensa, ka rubuta duk abin da dattawan gida suka sani tun suna nan. Ka nemi ma'aikacin gidan tarihi ko masanin da ba shi da niyyar saye, don wanda zai saya ba ya yi maka ƙiyasi. Kada ka sa shi a jaka ka hau jirgi da shi don a duba maka a waje, a filin jirgi za a karɓe.

Haure yana shan laima yana saki kamar katako. Ya fi son laimar iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, ba hawa da sauka. Bushewar hunturu da ke fasa leɓe tana fasa shi, haka zafin taga da iskar na'urar sanyaya ɗaki in tana bugunsa kai tsaye. Ka sa shi a kabad mai rufi, nesa da bango mai zafi. Kada ka wanke shi da ruwa, kada ka shafa masa mai ko lemun tsami ko man goge baki, burushi mai laushi ya isa ya kaɗe ƙura. Ka riƙe shi da hannu mai tsabta, kada ka naɗe shi a jarida ko ƙyalle mai zuba, kada ka ɗaure shi da roba don tana sa shi rawaya. In ya karye ka tattara gutsattsarin a ambulan, kada ka manna da gam mai kamawa nan take. In kuma akwai tsohuwar takarda manne a gindinsa, ko lamba da aka rubuta da tawada, ka bar ta yadda take ko da ta yi datti.